Tsohuwar kwamfuta da neman ƙarin gudu: daga minti 61 zuwa minti 40

Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa sana'arsa ita ce tace bidiyon darussa. Malamai su ɗauki karatu da kyamara su turo masa, shi kuma ya yanke, ya gyara sauti, sannan ya matse fayil ɗin ya zama ƙarami yadda zai hau intanet ba wahala. Matsewar nan ce ke cinye masa yini. Yana yin ta ne da manhajar HandBrake a tsarin x264, aikin da ke ɗora wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi, kaya tun daga farko har ƙarshe ba hutu.

Kwamfutar ta tebur ce, kuma ta haura shekara goma. Furosesarta Intel Core i5-2500K ce, wadda ta fito a watan Janairun 2011: cibiya huɗu (wato sassa huɗu masu yin lissafi, kowane da kansa), gudun ƙa'ida 3.3 GHz, tana iya ɗagawa da kanta zuwa 3.7 GHz idan cibiya ɗaya ce ke aiki, amma idan duka huɗun na aiki a 3.4 GHz take tsayawa. Madabod ɗin, wato babban allon da ake dasa sauran kayan kwamfuta a kai, mai cif ɗin Z68 ne. RAM ɗin DDR3 ne, sanda biyu masu gigabait 4 kowace. Fankar sanyaya ita ce ƴar ƙaramar nan da ke zuwa cikin kwalin furosesar, ba a taɓa cire ta ba tun ranar da aka haɗa na'urar.

Kuɗin sabuwar kwamfuta babu. Abin da yake da shi shi ne harafin K da ke ƙarshen sunan furosesar, wanda ke nuna kamfani bai kulle lambar ninkinta ba. Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi: agogon tushe, wanda a wannan zubin 100 MHz ne, a ninka shi da wata lamba. Ninki 34 ya ba da 3.4 GHz, ninki 44 ya ba da 4.4 GHz. Madabod mai P67, Z68 ko Z77 kan bari a canja lambar. Mai H61 ko H67 ba ya bari ko da furosesar na da K. Ta wannan fuska ya yi dace.

Abu ɗaya ya yi tun kafin ya taɓa komai, wanda duk lissafin da ke tafe ya dogara a kai: ya ware wani bidiyo mai tsawon rabin awa ya mayar da shi ma'auni. Saiti ɗaya, fayil ɗaya, kullum. A ranar farko matse shi ya ɗauki minti 61.

Mako na farko: gajeriyar hanya sau biyu

Madabod ɗin na da wata manhaja mai maɓalli guda, da an latsa sai ta zaɓi gudu da ƙarfin wuta da kanta. Ya latsa. Kwamfutar ta mutu ta tashi, ta nuna 4.6 GHz. Bai duba wutar da aka ba furosesar ba. Daga baya ne manhajar CPU-Z, mai nuna bayanan furosesa, ta nuna masa bolt 1.42.

Ya saka fayil ɗin gwaji. Ba a yi minti biyu ba fankar ta fara ƙara kamar za ta tashi sama, zafin cibiyoyin ya kai digiri 98. A nan ne iyakar wannan furosesa take, kuma da ta kai wurin sai ta shiga rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Aikin ya ƙare a minti 66. Sauri ya haifi nawa. A gwaji na biyu ma bai ƙare ba, kwamfutar ta ɗauke ɗif a tsakiya.

Sai ya koma wa tsohuwar dabara. Waɗanda suka daɗe a harkar suna tuna furosesar Celeron 300A ta 1998, wadda ake ɗaga agogon tushenta daga 66 zuwa 100 MHz sai ta tashi daga 300 zuwa 450 MHz, sau da yawa ba tare da an ƙara komai ba. Ya shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta buɗe, ya mayar da ninki yadda yake, ya ɗaga agogon tushe zuwa 108. Fankoki suka juya, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. A wannan zubin na Intel agogon tushe ba furosesa kaɗai yake kaɗawa ba, shi ne ke kaɗa hanyar katin hoto da ta faifan ajiya da sauransu, shi ya sa da wuya ya wuce 104 ko 105 lafiya. Dole ya zare wuta, ya cire ƙaramin batirin madabod, CR2032, ya jira ƴan mintuna ya mayar, saitin ya koma na kamfani.

Mako na biyu: komawa baya a auna

A wannan makon bai ƙara ko MHz ɗaya ba. Ya saka HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudu da wuta, ya bar ta a buɗe, ya matse fayil ɗin gwaji da saitin kamfani yana kallon lambobi. Abin da ya gani ya ba shi mamaki: ko a hakan zafin na taɓa 98, gudun kuma yana faɗowa ƙasa da 3.4 GHz lokaci zuwa lokaci. Ashe shekara da shekaru kwamfutar ba ta ma kai gudun da aka sayo ta da shi ba.

Da ya buɗe akwatin, ƙura ta yi tabarma tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya. Ƙafafun roba huɗu ne ke riƙe da fankar a jikin madabod, ɗaya ta saki, don haka ƙarfen ya ɗan karkace. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya zama gari. Ya goge da sifirit, ya shafa sabo, ya danna ƙafafun har kowace ta yi ƙas. Zafi ya tsaya a 79, fayil ɗin gwaji ya ƙare a minti 52.

Daga nan ya yi sayayya guda ɗaya da aka yi a duk wannan lamari, ban da man: na'urar sanyaya mai tsayi, mai bututun tagulla huɗu da fanka ta milimita 120. Lokacin aiki bai canja ba, tunda dama furosesar ta daina ja da baya, amma zafi ya sauka zuwa 58. Wannan tazara ta digiri 40 ita ce jarin da zai kashe nan gaba.

Garin ɗaura ta ne ya lura sandunan RAM biyun suna manne da juna a gurbi na ɗaya da na biyu. Littafin madabod ɗin ya ce a tsallake gurbi ɗaya, domin su yi aiki ta hanya biyu maimakon ɗaya. Ya gyara. Ya kuma ga an rubuta 1600 a jikinsu alhali a 1333 suke tafiya, sai ya kunna XMP a BIOS, saitin da ke sa RAM ya yi gudun da aka rubuta a jikinsa. Minti 50.

Mako na uku da na huɗu: hawa mataki-mataki

Yanzu ya ajiye manhajar maɓalli ɗaya, komai ta BIOS yake yi. Ya tsayar da wuta da hannu a bolt 1.25, ya sa ninki 40, ya shiga Windows, ya kunna Prime95 na minti ashirin. Wannan manhaja George Woltman ne ya rubuta ta don neman wasu manyan lambobin lissafi, aikin da aka fara a 1996, amma masu wannan harka suka ɗauke ta domin tana matsa wa furosesa lamba sosai, kuma tana duba amsar lissafinta, ta tsaya idan ta ga kuskure. Ninki 40 ya wuce, 42 ya wuce, 43 ya wuce.

A 44 shuɗin sikirin da Windows ke nunawa idan ta faɗi ya fito, da lambar 0x101. Masu harkar kan karanta wannan lamba da 0x124 a matsayin alamar wuta ta yi kaɗan. Ya duba bayanan da HWiNFO ta adana, ya ga wani abu: shi 1.25 ya saka, amma da aiki ya yi nauyi sai wutar ta sauka zuwa 1.19. Kamar ruwan famfo ne da ke raguwa idan kowa ya buɗe nasa lokaci guda. Da gangan aka tsara wannan saukar, domin idan nauyin ya ɗauke farat ɗaya kada wutar ta yi tsalle ta wuce iyaka. Akwai saiti mai suna LLC da ke rage saukar. Ya sa shi a matsakaici, ya ɗaga wuta kaɗan, furosesar ta riƙa samun 1.28 a tsakiyar aiki. Ninki 44 ya zauna, zafi 71 a Prime95, fayil ɗin gwaji minti 40.

Bai tsaya nan ba. Ninki 45 ya nemi 1.31. Ninki 46 ya nemi 1.35. Ninki 47 bai yarda ba sai da aka kai shi 1.40, aka kuma ƙure LLC zuwa sama. Zafi ya kai 86. Ya gwada 48 sau da dama, ko Windows ba ta gama buɗewa.

Akwai lissafi a bayan wannan tsadar da ke ƙaruwa. Wutar da furosesa ke sha tana tafiya ne da gudu sau ɗaya, amma da bolt sau biyu, wato a ninka bolt da kansa. Daga 4.4 GHz a bolt 1.28 zuwa 4.7 GHz a bolt 1.40, gudu ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, shan wuta da zafin da ke biye da shi suka ƙaru da kusan kashi 28. Ya san da wannan. Amma 4.7 ya jure Prime95 na awa ɗaya, ya wuce wata manhajar gwaji mai suna Cinebench, fayil ɗin gwaji kuma ya sauko zuwa minti 37 da rabi. Ya bar shi a haka ya koma aiki.

Wata na biyu: kurakuran da ba sa ihu

Mako uku ba abin da ya faru. Sai lokacin zafi ya shigo, ɗakin da yake aiki ya tashi daga wajen digiri 24 zuwa 33.

Da farko HandBrake ce ta riƙa rufewa da kanta a tsakiyar dogon aiki, ba kullum ba, kuma ba a wuri ɗaya ba. Ya zaci fayil ɗin da aka turo ne ya lalace. Bayan haka wani malami ya dawo masa da darasi yana cewa akwai wurin da hoton ya farfashe na ƴan daƙiƙu. Ya sake matsewa daga asali ɗaya da saiti ɗaya, wannan karon ya fito sumul. Na uku shi ne ya tayar masa da hankali: ya dunƙule ayyukan wata guda cikin fayil ɗaya da 7-Zip don ajiya, da ya sa manhajar ta duba abin da ta dunƙule sai ta ce akwai ɓaraka a ciki. Duk wannan ba shuɗin sikirin ko ɗaya.

RAM ya fara zargi, tunda shi ma an ƙara masa gudu. Manhajar gwada RAM mai suna MemTest86 ta zagaya sau huɗu cikin dare ba ta sami komai ba. Ya duba lafiyar faifan SSD, ƙalau. Sai ya buɗe kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ya tarar da gargaɗi jere daga WHEA-Logger, mai lamba 19. Ma'anarsa furosesa ta yi kuskure, ta gano, ta gyara da kanta. Na farkonsu ya faɗo ne kwana biyu bayan ya koma 4.7, tun kafin zafin gari. Waɗanda ta gano ke nan. Waɗanda suka zille mata su ne suka shiga bidiyon malam da fayil ɗin ajiya.

Ya mayar da Prime95, wannan karon ya bar ta. A awa ta uku da minti goma cibiya ta biyu ta tsaya da saƙon kuskuren lissafi, sauran ukun suka ci gaba kamar ba abin da ya faru. Gwajin awa ɗaya ba zai taɓa nuna wannan ba.

A cikin wannan dogon gwajin ne wata matsala ta daban ta fito. Lokaci-lokaci gudun kan faɗo daga 4.7 zuwa 1.6 GHz na ƴan daƙiƙu ya koma, alhali cibiyoyin ba su kai iyakar zafinsu ba. Laifin na VRM ne, jerin ƙananan na'urorin da ke gefen furosesa masu karɓar bolt 12 su sauke shi zuwa ɗaya da ɗoriya. Tsohuwar fankar, duk da rauninta, ƙasa take hurawa, iskarta na bi ta kansu. Sabuwar a tsaye take, iskarta na wucewa ta sama zuwa bayan akwati. Ga nauyi ya kusa ninkuwa, ga iska ta ɗauke. Da suka yi zafi sai madabod ya riƙa taka wa furosesar birki don ya cece su.

Wata na uku: saukowa

Hanya biyu ce a gabansa: ya ƙara wuta ya riƙe 4.7, ko ya sauko. Ya ɗan gwada ta farko a bolt 1.43, zafi ya haura 90, birkin VRM ya ƙara yawa. Ya sauko zuwa ninki 44. Ya ɗaure wata ƴar fanka ta milimita 80 da ya cire daga tsohon akwati, ta riƙa hura VRM kai tsaye.

Sannan ya so ya gyara wani abu da ya daɗe yana damunsa. Tunda da hannu ya tsayar da wuta, furosesar na shan bolt ɗinta cikakke ko ba ta aikin komai. Akwai tsarin da ake barin ta ta zaɓi wutarta gwargwadon aiki, mutum ya ce dai a ƙara kaza ko a rage kaza a kan abin da ta nema. Ya koma wannan. Da yake LLC na nan a sama inda ya bar shi, sai da ya rage bolt 0.05 kafin wutar tsakiyar aiki ta dawo 1.28.

Sabuwar cuta ta ɓullo, mai ban dariya: kwamfutar na jure Prime95 awa da awanni, amma da an bar ta ba aiki sai ta daskare. Dalilin shi ne ragin nan bai san nauyi ko hutu ba, ko'ina yake cirewa. Idan furosesar ta sauka 1.6 GHz tana hutawa, dama ƙasa da bolt ɗaya take sha, da aka ƙara zaftarewa sai ya gaza riƙe ta. Maganin shi ne a juya lissafin: ya sauke LLC zuwa ƙasa, ya mayar da ragin ya zama ƙarin bolt 0.01. Wutar aiki ta tsaya a 1.28, ta hutu ta dawo wajen 0.98.

Gwajin da ya yi wa wannan saiti ya bambanta da na baya. Prime95 awa goma sha biyu a tsarin da ke haɗa furosesa da RAM. Jerin bidiyo na gaske dare guda. Fayil ɗin ajiya a dunƙule a duba sau uku. Yini guda a kunne ba aiki. Bayan kowane ɗaya ya leƙa kundin Windows, ba gargaɗi. Zafi mafi yawa 76 a ɗaki mai digiri 33. Ya adana saitin a BIOS, ya kuma rubuta shi a takarda ya manna a cikin murfin akwati, saboda ranar da batirin madabod zai mutu. Ayyukan da ya matse a makonnin 4.7 kuwa sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyu ya sake yi.

Bayan shekara ɗaya

Saitin bai motsa ba, bai kuma nemi ƙarin wuta ba. Fayil ɗin gwaji na nan a minti 40. Yana hure ƙura duk bayan ƴan watanni.

Akwai inda ƙarin gudun bai taɓuka komai ba. Malamai sun fara turo bidiyon waya mai 4K a tsarin HEVC. An amince da wannan tsari ne a 2013, shekara biyu bayan fitowar furosesar, don haka ba ta da sashen da ke warware shi, da ƙarfin tsiya take yi, hoton na tsinkewa a teburin tacewa ko a 3.4 ko a 4.4. Sai dai ya fara mayar da su ƙananan kwafi ya yi yankan a kansu. Haka kuma ba ta da umarnin AVX2 da ya zo da zubin Haswell a 2013, wanda wasu sababbin manhajoji ke nema kafin su buɗe. Windows 11 ba ta karɓarta a hukumance, Windows 10 kuma Microsoft ta tsayar da tallafinta na gama-gari ranar 14 ga Oktoban 2025.

Hukunci

Minti 21 aka rage daga 61. Sha ɗaya daga ciki sun fito ne daga goge ƙura, sabon mai, ƙafar roba da aka danna, da sandunan RAM da aka sa a gurbinsu. Goma ne na ƙarin gudu. Goman nan na gaske ne, kashi ɗaya cikin biyar na lokacin kowane aiki, kuma ga mai matse bidiyo kullum ba ƙaramin abu ba ne. Amma da ya fara da su, kamar yadda ya yi a makon farko, ba zai same su ba, domin furosesar da ke ja da baya a 3.4 ba ta da inda za ta sa zafin 4.4.

Abin da ya sa 4.4 ya yi aiki 4.7 ya ƙi ba sirri ba ne. Kowace furosesa na da wurin da kuɗin kowane mataki ke tashi farat ɗaya, kuma wurin ya bambanta ko tsakanin biyu masu suna ɗaya da suka fito daga masana'anta ɗaya. A tasa, daga 40 zuwa 43 bai nemi ƙarin wuta ba, daga 44 zuwa 47 ya ci bolt 0.12. Minti biyu da rabi ya saya da wannan, ya biya da makonni na bincike da aikin da aka dawo masa da shi. A ganina kuskuren bai kai na yarda da gwajin awa ɗaya girma ba. Kwamfutar wasa idan ta yi kuskure sai a sake kunna ta. Wadda ake ajiye aikin mutane a ciki tana iya lalata fayil shiru, kuma ba za a sani ba sai ranar da aka buƙace shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa barin 1.40 ya dace ko da ya zauna lafiya. Wuta mai yawa tare da zafi na cinye siraran hanyoyin cikin furosesa a hankali, har ta fara neman ƙarin wuta don gudun da take yi a da. Ba labarin tsoratarwa ba ne: a 2024 Intel ta tabbatar cewa wutar da ta wuce kima ce ke sa wasu furosesocinta na tebur na zubi na 13 da na 14 rikicewa, ta fitar da gyara, ta kuma tsawaita garantinsu da shekara biyu.

Wanda zai kwaikwayi wannan lamari ya duba ko yanayinsa ya yi kama. An ci riba a nan ne saboda aikin na furosesa ne zalla, garanti ya daɗe da ƙarewa, kuma 2500K ta fito ne a zamanin da kamfani ke barin tazara mai faɗi tsakanin abin da ya rubuta a kwali da abin da na'urar za ta iya, ga murfinta an like shi da dalma, abin da ke saurin fitar da zafi. Furosesocin yanzu, na Intel da na AMD, suna auna zafinsu da wutarsu suna ɗaga kansu kusa da iyaka ba tare da an taɓa su ba, don haka ƙarin gudu na kashi 29 cikin 100 da aka samu a nan, daga 3.4 zuwa 4.4 GHz, babu shi a can; masu su sun fi samun riba ta rage wuta kaɗan domin na'urar ta yi sanyi ta daɗe a saman gudunta. Laftof kuwa yawanci a kulle take, kuma ko an buɗe ta babu wurin da za a ɗaura fanka ta milimita 120.